Bashin dole da bashin kunya: abin da kayen lissafi ya nuna mini

Ga layya ta ƙarato, kasuwannin dabbobi sun fara cika, kuma na san a cikin masu karanta wannan shafi akwai magidanta da yawa da barcinsu ya ragu. Ba su gama biyan tela kuɗin ɗinkin ƙaramar Salla ba, ga maganar rago ta taso. Da su nake son magana yau, musamman 'yan'uwana malaman makaranta da sauran masu jiran ƙarshen wata. Bara war haka ni ma ina cikinsu. Na jawo ragon da ban biya ko dala ba, na ɗaure shi a ƙofar gida, maƙwabta na wucewa suna cewa "Mushe, bana an yi ƙoƙari", ni kuma ina murmushi.

Ni malamin firamare ne a Maraɗi. Shekara goma sha ɗaya ke nan da na fito daga makarantar horon malamai, na yi shekaru ina ɗan kwantaragi kafin in samu lambar aiki. Albashina bai kai jika 150 ba a wata. Da shi nake riƙe mata da 'ya'ya uku, ina kuma ɗan aika wa tsohuwata a ƙauye. Ba mu da yawa, amma kafin daminar 2024 ba wanda yake bi na abin da zai hana ni barci.

Kowa ya san yadda waccan damina ta kasance. Ruwa ya kashe mutane sama da 300 a faɗin Nijar, ya shafi sama da mutum miliyan ɗaya. A Damagaram har tsohon masallacin Birni ya rushe. An ɗage komawa makaranta daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata, saboda azuzuwa da yawa sun lalace, wasu kuma sun zama mafakar waɗanda suka rasa matsuguni. A ƙarshen watan Agusta, cikin dare ɗaya, katangar gidana da ɗakuna biyu suka zube. Allah Ya tsare rayukanmu, amma gado da katifa da buhun gero duk suka tafi.

Na je wani asusun ba da lamuni na karɓi jika 300, bisa sharaɗin zan mayar da 345 cikin wata 18, ana cirewa daga albashi. Raina bai so ba, domin kuɗin ruwa ne, kuma na san matsayinsa a addini. Amma matata na da ciki wata biyar, muna kwana a zauren maƙwabci. Ko da aka rage farashin siminti a watan Oktoba, kuɗin bai isa ba, sai magini ya ƙarasa aikin yana bi na jika 40. Wannan shi ne bashin da ruwa ya jawo mini, jika 385. Shi nake kira bashin dole.

Da abin ya tsaya nan, da tuni na manta. Sai dai a watan Disamba aka haihu. Na ce a raina, mutane sun san ruwa ya ci ni, in na yi suna shiru za su ce Mushe ya karye. Na ranci jika 110 wajen yayan matata, aka yi rago da shinkafa da lemo, har da rumfa. Azumi ya zo, Salla ta zo, na ɗauki yadi da ɗinki bashi, jika 55. Abokin aiki ya aurar da ƙanwarsa, anko da gudummawa suka ci jika 30 da na ranta wajen wani abokin aikin. Wayata ta fashe, maimakon in gyara sai na ɗauki sabuwa ta jika 48 a biya sannu-sannu. Layya ta zo, rago jika 90, shi ma bashi. Tun da kuɗin cefane yana tafiya wajen toshe waɗannan ramuka, sai littafin mai shagon unguwa ya yi ta cika: shinkafa, mai, sukari, sabulu, har jika 62. In ka tara, jika 395 ke nan. Abin da na jawo wa kaina da hannuna ya fi abin da ambaliya ta jawo mini. Wannan kuma shi ne bashin kunya.

Abin da ya farkar da ni ƙaramin abu ne. Na yi makonni ina canza hanya don kada in wuce gaban shagon Alhajin unguwarmu. Ɗansa kuwa yana ajina. Wata safiya a watan Yuni, ina rubuta darasin lissafi a allo, yaron ya ɗaga hannu ya ce: "Mushe, Baba ya ce in gaishe ka, wai kwana biyu bai ga wucewarka ba." Gaisuwa ce kawai, yaron bai san komai ba, sauran yaran ma ba su gane ba. Amma alli ya tsaya a hannuna. Ina koya wa 'ya'yan mutane tarawa da ɗebewa, alhali da za a tambaye ni nawa ake bi na, ba zan iya faɗa ba.

Da aka yi hutu a watan Yuli, na ɗauki sabon kaye, na zauna da dare na rubuta sunan kowa da abin da yake bi na. Na cire abin da aka riga aka yanka a albashi na lamunin gini, saura ya tsaya jika 608. Albashin wata huɗu cur ba zai biya ba, ko da ba mu ci ba mu sha ba. Na daɗe ina kallon lambar. Abin mamaki, daren nan na yi barcin da na yi watanni ban yi irinsa ba, domin fargabar da ba ta da lamba ta fi wadda aka rubuta nauyi.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: jarrabawar da Allah Ya aiko, ruwa ne ko gobara ko jinya ko karyewar jari, yawanci mutum kan iya fita daga bashinta cikin shekara ɗaya ko biyu. Abin da ke riƙe magidanci shekara da shekaru shi ne bashin da yake ci bayan jarrabawar, don kada mutane su gane ta taɓa shi. Mun saba cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma gaskiya ne. Amma mun mayar da karin maganar tamkar lasisi, har mutum ya daina bambance bashin magani da bashin shadda.

Hanyar fita da na bi ba ta da wani sirri, kuma ba ni na ƙirƙiro ta ba. Farkonta rubutu ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Mu kuwa in ɗan'uwa ya ce a rubuta, sai mu ji haushi, mu ce bai yarda da mu ba. Nawa ne daga cikinmu suka ga rigima bayan rasuwa, mai bin bashi ya zo zaman makoki, magada su ce ba su san zancen ba? Kayen da na rubuta, na nuna wa matata inda yake. In yau na faɗi, ta san wanda za a fara sallama kafin a raba ko cokali.

Nuna mata ɗin ya fi komai yi mini wuya. Ta karanta shiru, sannan ta ce: "Malam, da ka faɗa mini tun farko, ai da ban yarda an yi rumfar suna ba. Ni na ɗauka akwai ne." Wannan magana ta zauna mini. Mu maza muna ɓoye wa matanmu halin aljihu da sunan kare girma, sannan mu koma fada muna ƙorafin ba su da tattali. Ta yaya mace za ta yi tattalin abin da ba ta san iyakarsa ba? Tun daga ranar, ita ke riƙe kuɗin cefane na wata, kuma abin da take fitarwa da shi ya fi abin da nake yi da.

Bayan rubutu sai fuskantar masu bin bashi. Na fara da Alhaji mai shago. Na je da yamma na ce: "Alhaji, na yi maka laifi. Jika 62 kake bi na, ba ni da su yanzu, amma kowane ƙarshen wata zan kawo goma, kuma daga yau ba zan ƙara ɗaukar ko ashana bashi ba." Ya ce: "Mushe, ni ba kuɗin ne suka dame ni ba kamar canza hanyar da ka yi. Ka riƙa wucewa muna gaisawa." Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya. A cikin mutum shida, ɗaya ne kawai ya ɗaga mini murya, kuma da gaskiyarsa. Na fahimci mai bin bashi yakan iya haƙuri da jinkiri, abin da ba ya iya haƙuri da shi shi ne a kashe masa waya.

Sai maganar wa za a fara biya. Masana harkar kuɗi kan ce a fara da wanda kuɗin ruwansa ya fi yawa, kuma ta fuskar lissafi suna da gaskiya. Ni dai lamunin asusu yana fita da kansa daga albashi, ba ni da zaɓi a kansa. A sauran, na duba wanda jirana ya fi cutarwa. Magini mai cin guminsa na yau da gobe, shi na fara biya. Sai tela, sai mai shago wanda jarinsa ke kwance a littafi, sai abokin aikina, sai mai rago. Yayan matata, da yake yana da hali kuma shi da kansa ya ce in bar nasa ƙarshe, na bar shi ƙarshe. Ina ganin wannan tsari ya fi dacewa da mu, inda mafi yawan masu bin mu bashi talakawa ne irinmu. In ka riƙe jika 40 na magini wata tara, ka tura shi shi ma ya je ya ci bashi.

Ina kuɗin suka fito? Sabuwar wayar na sayar jika 35, na gyara tsohuwar. Na samu yara huɗu da nake yi wa darasin yamma a gida. Sauran daga abubuwan da ban taɓa ɗauka kuɗi ba ne. Na yi wata guda ina rubuta duk abin da ya fita aljihuna, ko na dala biyar ne. Sai na ga kuɗin intanet na waya, da tsiren dare, da shayin fada, da esansin yawon da ba dalili, sun haura jika 15 a wata. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ban daina zuwa fada ba, amma na daina zama wanda kullum shi ke cewa "a kawo, ni zan biya". Da kaka kuma muka sayi gero da wake da buhu lokacin da suke da sauƙi, maimakon awon tiya-tiya a tsakiyar damina lokacin da farashi ke sama. Tsakanin wannan da wancan, jika 25 nake ware wa bashi kowane wata, kuma ranar da albashi ya shigo nake kai su, kafin hannu ya saba da su.

Akwai abu ɗaya da wasu abokaina suka ga wauta ce: na fara ajiya tun ban gama biyan bashi ba. Suka ce mai bashi da asusu? Dalilina shi ne, in ba ka da ko sisi a gefe, zazzaɓin cizon sauro ɗaya ya isa ya mayar da kai gidan jiya. Dala 40 nake jefawa kullum, sefa 200 ke nan, jika 6 a wata. A watan Satumba ƙaramar 'yata ta kwanta, likita da magani suka ci jika 18. Daga gwangwanin nan na biya. Karo na farko ke nan cikin shekara guda da matsala ta zo ta wuce ban buga ƙofar kowa ba.

Wannan dabara a wajen mata na koye ta. A nan jihar Maraɗi ne ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a 1991: mata su haɗu kowane mako, kowace ta zuba ɗan abin da aka yi yarjejeniya a akwati, su ranta wa junansu, a ƙarshen zango su raba. Daga ƙauyukanmu tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Matan da yawancinsu ba su taɓa zama a aji ba sun gane cewa da yayyafi kogi kan cika, mu masu takardar shaida muna jiran sai albashi ya ƙaru sannan mu fara ajiya. Mu ma muna adashe a makarantu, amma a duba a gani: kwasar adashen namiji sau nawa take tafiya wajen biki ko sabon babur? Kuma adashe yana da ranarsa, ciwo kuwa ba ya jiran ranar kwasarka. Don haka adashe daban, ajiyar ko-ta-kwana daban.

Na san abin da wani zai ce, domin an faɗa mini a ɗakin malamai: "Kai kana da lamba. Ɗan kwantaragi mai jika 75, wanda wani lokaci wata ke ƙarewa kuɗin ba su fito ba, me zai ajiye?" Wannan magana gaskiya ce, kuma na yi wannan rayuwa. Bayan rufe iyakoki da takunkumin 2023 kayan masarufi sun yi tsada. Tattali ba ya maye gurbin albashi mai kyau da biya a kan lokaci, kuma neman wannan haƙƙi ne da bai kamata mu gaji da shi ba. Akwai kuma wanda bashinsa duka na dole ne, na abinci da magani. Irin wannan ba wa'azin tattali yake buƙata ba, taimako yake buƙata, shi ya sa addini ya sa mabarta cikin mutum takwas da ake ba zakka. Amma mu faɗa wa juna gaskiya. Wanda kuɗinsa ba su da yawa shi ya fi kowa buƙatar ya tsare su daga bashin kunya. Mai albashin jika 500 in ya yi anko bashi zai farfaɗo. Mai jika 75 in ya yi, ya ci abincin 'ya'yansa na mako biyu.

Wani kuma zai ce wannan rowa ce, kuma tana kashe zumunci. Nan ma akwai abin dubawa, domin daren da ɗakina ya faɗi maƙwabci ne ya buɗe mini zaurensa, ba asusu ba. Ba na kira a daina gudummawa ko a rufe hannu. Abin da nake cewa shi ne daidai ruwa daidai tsaki. Bikin da aka yi bana a dangi, na je da jika 2 da ƙafata, na yi aikin rumfa da kujeru tun safe, ban yi anko ba. An yi 'yar magana kwana biyu, ta wuce. Kyautar da ka yi da kuɗin magini ba taka ba ce, nasa ne ka bayar ba da izininsa ba. Marowaci yana da shi ya hana. Mai bashin da ya ce "ba ni da hali" gaskiya kawai ya faɗa.

Wannan kalma, "ba ni da hali", ita ce ta fi mana nauyi a baki, musamman mu malamai da ake kallo a matsayin ma'aikata a unguwa. A nan ina ganin limamai da masu wa'azi suna da aiki, musamman a waɗannan kwanaki. A riƙa tuna wa jama'a abin da ke cikin fiƙihun da muka taso a kai: layya sunna ce mai ƙarfi ga wanda yake da iko, biyan bashin da lokacinsa ya yi kuwa wajibi ne. Wanda bai yanka ba don ba shi da hali bai yi laifi ba. Su ma masu hali su taimaka ta hanyar rage gasa, su aika wa maƙwabci nama ba tare da an sa shi ya ji kamar an yi masa gori ba. Mu iyaye kuma mu daina fakewa da yara. Mukan ce don kada yara su ji ba daɗi ne, alhali sau da yawa idon manya muke tsoro.

Ga wanda ya riga ya yanke shawarar karɓar lamuni don larura, shawara ɗaya: kada ka tambayi nawa za a riƙa cirewa a wata kawai, ka tambayi nawa za ka mayar gaba ɗaya, har da kuɗin takardu da na inshora, a rubuta maka. Tun 2014 ƙasashen da ke amfani da sefa a yammacin Afirka suka sa iyakar kashi 24 cikin ɗari a shekara ga ƙananan asusun lamuni. Mai ba da bashin unguwa da ke cewa ka karɓi jika 10 ka mayar da 12 ƙarshen wata, kashi 20 yake ci a wata guda. Ka yi lissafin shekara da kanka.

Yau wata goma ke nan da na buɗe kayen nan. Lamunin asusu ya ƙare a watan Maris, kuma abin da ake cirewa da na mayar da shi kan sauran basussuka. Na soke sunaye biyar da jan biro. Saura jika 110 na yayan matata, ina sa ran in Allah Ya yarda kafin a koma makaranta zan kai masa. Ban zama mai kuɗi ba, ɗakin da na gina ma har yanzu ba filasta. Amma ina bin hanyar shagon Alhaji safe da yamma, kuma in wayata ta yi ƙara ba na duba lambar kafin in ɗauka.

Bana ba zan yi layya ba. Na faɗa wa matata, na faɗa wa babban ɗana mai shekara tara, na kuma gaya masa dalili. Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko baɗi za mu yi. Na ce in Allah Ya kai mu, kuma da kuɗinmu. Mun riga mun ware gwangwani na biyu don haka, shi ke jefa kuɗin da hannunsa.

Ɗan'uwa, in kana cikin halin da nake bara, kafin ka tafi kasuwar dabbobi ka sayi kaye na dala ashirin ko talatin, ka zauna daren nan ka rubuta. Ka raba shafin biyu, na dole a dama, na kunya a hagu, ka tara kowanne. Abin da ka gani, kai ka san shawarar da za ka yanke.

Allah Ya biya wa kowa bashinsa, Ya sa albarka a cikin ɗan abin da muke samu, Ya kai mu Salla lafiya.